Hannun da Ya Taɓa Ragunan Kalgo

Gwandu, Jihar Kebbi,
Agusta, 1994.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Abdulgani, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Larai da yara, ya sa albarka a fataucin goronka, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta. Mu nan gida sai godiya. Damina ta yi kyau bana, geron gonar gida ta hanyar Kambaza ya fitar da kai, wake ma ya yi yaɗo har ya rufe ƙasa. Hajara matar ƙanenmu Lawali ta sauka lafiya, an sami namiji, an mayar da sunan Baba, Adamu. Katangar bayan gida da ka bari da tsaga ta zube a ruwan farko, amma ba ta taɓa kowa ba, an kuma tayar da ita.

Yaya, kaset ɗinka ya iso ta hannun direban goro. Lawali ya tara mu a tsakar gida, manya da yara, ya ɗora rikoda a kan turmi ya kunna. Da na ji muryarka sai da hawaye suka zo mini, domin an daɗe, ko da yake faɗa ne muryar ta ɗauko. Na ji duk abin da ka ce. Ka ce na ɗauki hannun da Baba ya bar mana na ɗori da tausa na kai shi garken dabbobi. Ka ce na sayar wa 'yan boko da sirrin gidanmu. Ka ce in daina, kuma kada sunan Baba ya shiga takardar da ɗiyata Ruƙayyatu ke rubutawa, in ba haka ba babu kai babu ni. Ban amsa maka da kaset ba, domin rikodar ta Lawali ce, ba na kuma son maganata ta bi ta kunnen kowa kafin ta iso naka. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, sai ka yi haƙuri da rubutun. Zan faɗa maka tun daga farko don kada in ɓata maka lokaci: ba zan daina ba. Amma kai babba ne, haƙƙinka ne ka ji dalili, kuma labarin da aka kai maka an yanke masa kai da ƙafa.

Ka san Ruƙayyatu tana shekararta ta ƙarshe a karatun likitan dabbobi a Sakkwato, kuma ba a ba su shaidar gamawa sai kowa ya yi bincike nasa na kansa. Yarinyar nan a gindina ta tashi tana kallon matan da ke zuwa da targaɗe da ciwon kafaɗa, tun tana ƙarama take damuna da tambayar me ke faruwa a cikin jiki idan hannu ya bi ta kansa. Ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba, sai in ce baiwa ce. Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah ta zo gida ta durƙusa gabana ta ce tana son aron hannuna. Baffanta Atiku, ƙanen marigayi mijina, dillali ne a karar dabbobi ta Kalgo. Kowace shekara idan manyan motoci suka sauke raguna, akan sami waɗanda suka yi targaɗe wajen dirowa, ƙafa ta kumbura, ga shi gurgun rago ba ya layya, sai masu su su rabu da su a wulaƙance. Atiku ya yarda ya tara irin waɗannan a garkensa. Ba mu karya ƙafar kowace dabba ba, Yaya, ba mu kuma ji wa ko ɗaya ciwo don gwaji ba. Da ciwonsu suka zo mana.

Ruƙayyatu ta raba su kashi uku. Kashi ɗaya a bar su a turke su huta, a ba su dusa da harawa kawai. Kashi na biyu in yi musu tausa mai laushi, shafa daga kofato zuwa cinya, irin wadda muke yi wa jarirai da masu jego. Kashi na uku in yi musu irin tamu ta gado, wadda aka san gidanmu da ita, a danna kumburin da babban yatsa a murje shi da ƙarfi tun yana ɗanye. Man kaɗe iri ɗaya, tofi iri ɗaya, don kada a ce wani abu ne daban ya yi aiki ba nauyin hannu ba. Game da sirrin da ka ce na sayar, tofin a zuciyata na yi shi kamar yadda Baba ya koya mana, yarinyar ba ta tambaye ni kalma ɗaya daga cikinsa ba, ni ma ban faɗa ba. Wata abokiyar karatunta, Hadijatu, ita ke auna kaurin ƙafar kowane rago da tef irin na tela, ta auna zafin jikinsa, ba tare da an gaya mata wace tausa aka yi masa ba. Da farko na ji haushin wannan, na ce ashe maƙaryaciya suka ɗauke ni. Ruƙayyatu ta ce ba haka ba ne, ido ne yakan ga abin da zuciya ke so, ko idon waye.

Bari in gaya maka abin da Lawali bai sa a labarin da ya aika maka ba. Ni na hau motar Birnin Kebbi na sauka, na hau ta Kalgo, da niyyar in kunyata boko. Na tabbata a raina murzar Baba ce za ta ci, ragunanta su ne za su fara miƙewa, a rubuta a takarda, malaman Sakkwato su karanta su san akwai ilimi a Gwandu tun kafin a gina musu aji. Ka tuna yadda Baba ke cewa ciwo ba ya fita sai da kuka. Da wannan maganar na shiga garken, ina tafiya kamar wadda ta riga ta ci shari'a.

Ragon farko da na taɓa wani ƙaton uda ne, gaba baƙi baya fari, yana huci yana fizgar igiya. Shi a kashin tausa mai laushi yake. Na zauna a ƙasa na ɗora ƙafarsa a cinyata, na fara shafawa a hankali ina yin sama. Ba a jima ba numfashinsa ya sauka, kunnuwansa suka saki, can sai na ga ya fara tuƙa, alhali tun da aka sauke shi daga mota bai kalli abinci ba. Ruƙayyatu ta cire abin nan da likitoci ke sawa a kunne ta saka mini, ta ɗora bakinsa a ƙirjin ragon. Kafin in fara tausar ta riga ta jiyar da ni, zuciyarsa na bugawa kamar kalangun mahauta. Yanzu kuwa sai na ji ta koma kamar dakan mace ɗaya da ba ta sauri. Yaya, na tsufa ina taɓa jikin mutane, amma ban taɓa jin abin da hannuna ke yi a ciki ba sai ranar, a ƙirjin rago.

Ta yi mini bayani daidai fahimtata. Ta ce jikin dabba da na mutum yana da hali biyu, halin gudu idan an firgita, da halin hutu inda ciki ke narka abinci, nama ke gyara kansa, kuma shafa mai laushi tana karkata jiki zuwa ga na biyun. Ta ce kumburi ruwa ne da ya taru a cikin tsoka, akwai kuma wasu 'yan siraran hanyoyi da ke kwashe shi su yi cikin jiki da shi, shi ya sa shafar da ke yin sama take taimaka musu. Ta riƙa ɗibar jinin ragunan kaɗan-kaɗan tana sawa a kula mai ƙanƙara ana kaiwa Sakkwato, domin akwai wani sinadari da jiki ke zubawa cikin jini idan dabba tana cikin wahala. Daga baya sakamako ya nuna sinadarin ya ragu a jinin na laushi, ya hau a jinin waɗanda na murza.

Amma ni ban jira sakamakon jini ba, domin garken ya riga ya faɗa mini. Waɗanda na yi wa irin tamu sun yi kuka kamar yadda Baba ya ce, sai dai ciwon bai fita ba. Washegari ƙafar ta fi jiya zafi, tef ya nuna ta ƙara kauri, dusa tana gabansu ba su taɓa ba. Da sun hango ni na shigo sai su ja da baya su manne da danga. Na ce Hadijatu ce ba ta iya awo ba, na karɓe tef ɗin na auna da kaina, na sake aunawa. Gani ya kori ji. Ruƙayyatu ta ce a sabon ciwo ƙananan jijiyoyin jini sun riga sun yage, murza da ƙarfi kuwa ƙara yaga su take yi. Da na ga abin ya maimaita kansa, rago bayan rago, na wanke hannuna na ce mata ko za a kore ta daga makaranta ba zan sake danna ƙafar wata dabba a cikinsu ba. Ashe ita ma ta riga ta aika wa malaminta. Ya zo ya duba, ya ce a tsayar da wannan kashin, abin da aka gani ya isa, babu dalilin ƙara wahalar da su. Mafi yawan na laushi sun taka ƙafa sun koma kara kafin Sallah. Waɗanda aka bari suka huta su ma sun warke, sai dai sun ɗan makara. A cikin waɗanda na murza akwai wanda har yau yake ɗingishi a gidan Atiku.

Na dawo Gwandu jikina a mace. Na yi kwanaki ina tunanin Baba, da yadda mutane ke zuwa daga nesa a kan jakuna su kwana a zaurenmu. Ban ce Baba ya cuci kowa ba, ba kuma zan taɓa faɗa ba. Ƙasusuwan da ya ɗora suna nan suna noma. Ya yi aiki da iyakar abin da Allah ya nuna masa, ba a kuma taɓa saka masa abin sauraren zuciya a kunne ba. Ruƙayyatu da kanta ta ja mini kunne, ta ce rago ba mutum ba ne, ragunan ma ba su da yawa, kuma ba a gwada karaya ko gocewar ƙashi ba, sabon targaɗe kawai aka duba. Na ji, na kuma riƙe. Amma tun daga lokacin babban yatsana ya ƙi shiga kumburi mai zafi, ko a ƙafar wa yake.

Da na faɗa wa Lawali abin da na gani, a tsakaninmu, a ɗakina, na zaci zai ce mu je Kalgo ya gani. Sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce ashe na je ne in koyo zagin uba a bakin tumaki. Kafin mako ya zagayo an sa mini suna a unguwa, ungozomar raguna. Matan da suka saba zuwa suka ɗauke ƙafa. Wata da na yi wa jinyar baya har ta miƙe ta aiko a gaya mini ba ta son hannun da ke warin rago. Lawali ya tara dattawan dangi a zaure aka kira ni, na zauna daga bakin ƙofa. Suka ce in ce kuskure na yi, magana ta wuce. Na ce musu na girmama furfurarsu, amma abin da idona ya gani bakina ba zai ƙaryata shi ba, kuma motar Kalgo tana tashi kullum ga mai son ya je ya duba ragon da ke ɗingishi. Babu wanda ya je. A bayan wannan zaman ne aka aika maka, ba a mugun sarki sai mugun bafade.

To, ana cikin haka, farkon watan jiya, Gwaggo Delu ta zame a bakin rijiya bayan an ɗauke ruwan sama. Ka san ita kaɗai ta rage mana a cikin 'yan'uwan Baba, ga tsufa ya rage mata nama. Idon sawunta ya kumbura nan take ya yi suntum. Ni na fara isa, aka kai ta ɗakinta, na lalluba ƙashin a hankali, na ji babu karaya, targaɗe ne. Ina cikin haka Lawali ya shigo da kwanon mai da maza biyu da za su danne ta. Na tashi na tsaya a ƙofar ɗakin. Ya ce in kauce, shi ne namijin da ke riƙe da sana'ar gida. Na ce sana'ar tasa ce ban ƙwace ba, amma wannan ƙafar ba za a murje ta ina numfashi ba. Ya ce to in zo in yi mata irin ta dabbobi mu gani. Murya ta hau, mata suka cika tsakar gida, Hajara na jan rigar mijinta. Sai Gwaggo ta yi gyaran murya daga kan gado. Ta ce ita ta san hannun wanta Adamu tun kafin a haife mu, ya taɓa murza mata wannan ƙafar tana budurwa, kuma har yau in ta tuna sai ta ji fitsari. Ta ce, “Ku bar min wadda tumaki ka kwana ga hannunta. Ni tsohuwa ce, kwana nika so.”

Lawali ya ajiye kwanon ya fita. Na ɗaga ƙafar na ɗora a kan matashi, na sa tsumma mai ruwan randa, da zafin ya ɗan lafa na fara shafawa ina yin sama, ina tofin Baba a zuciyata. Kafin la'asar barci ya ɗauke ta, bakinta a buɗe. Yau tana dogara sanda ta fita har zaure ta sha hantsi. Lawali yana cewa ko ba a taɓa ta ba da ta warke. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne, ai na gaya maka ragunan da aka bari su ma sun warke, mai warkarwa Allah ne. Abin da na sani shi ne ba a danne tsohuwa ba, ba ta yi kururuwa ba, unguwa ba ta ji kukanta ba. Har yanzu ba ya amsa gaisuwata da kyau, amma ranar sunan ɗansa ni na yi wa jaririn wanka, bai kuma hana ba.

Yanzu ga amsar abin da ka nema. Ka ce dabba ta ƙasƙantar da hannun Baba. Ai kai ka fi ni karatu, ka san an ce babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba, ka kuma tuna da idonka Baba ya ɗora ƙafar jakin mai ruwan unguwarmu bai ce hannunsa ya ɓaci ba. Ka ce in daina. Bayan girbi zan koma Kalgo, domin Ruƙayyatu da malaminta suna son a duba shanun huɗa da wuyansu ke sanƙarewa bayan aikin damina, kuma wannan karon za a gwada ko murza mai nauyi tana da amfani idan ciwo ya tsufa, zafi ya fita. Wataƙila a nan ne irin ta Baba za ta ci. In ta ci zan rubuto maka da farin ciki, in ba ta ci ba zan rubuto maka haka nan. Ka ce kada sunansa ya shiga takarda. Yarinyar ta tambaye ni a wurin wa na koyi tausa don ta rubuta, ni kuwa ba a bakin hanya na tsince ta ba. An riga an rubuta Malam Adamu Maɗori na Gwandu, da murzarsa da shafarsa duka, domin shafar jariran ma shi ya koya mini ranar da aka haifi Lawali. Ranar da za ta tsaya gaban malamanta ta kare binciken, zan sa zanena mai kyau in je Sakkwato in zauna a inda aka ba ni.

Maganar babu kai babu ni kuwa, Yaya, wannan ba a hannunka take ba, ba a hannuna take ba. Ciki ɗaya muka fito, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka yi fushinka, zan jira. Direban da ya kawo kaset ɗin ya ce mini yanzu a zaune kake sallah, gwiwarka ta hana ka sujada, ka kuma hana a faɗa a gida. Ka zo bayan kaka. Lawali yana nan da babban yatsansa, ni ma ina nan da tafin hannuna, wanda ya taɓa ragunan Kalgo ban kuma ɓoye ba. Gwiwar taka ce, kai za ka zaɓa.

Ka gaishe mini da Yaya Larai, ka ce na gode da atamfar bara. Ka gaida Lukuman da Rabi, Allah ya yi musu albarka ya sa su san hanyar gida. Gwaggo Delu tana gaishe ka, ta ce goron da ka aiko ya yi mata tauri, a nemo mata fari mai taushi. Ruƙayyatu tana gaida Kawunta da ladabi, Atiku ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan Baba da Inna, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Huseina, ɗiyar Malam Adamu Maɗori.